Tauhidin Ranar Talata

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakanin mazan ikilisiya, wai tauhidi aikin fastoci ne da waɗanda suka yi karatu a Bukuru ko Kagoro ko Igbaja, mata kuwa nasu waƙa ne, da girki ranar taro, da sharar majami'a. Ba wanda yake faɗinta a kan mumbari, amma ana aiki da ita. In an zo tsara nazarin shekara, sai a ba maza wasiƙar Romawa, mata kuwa a ba su yadda za su kula da mai gida. Ni ban yarda da wannan rabo ba, ga kuwa dalilina.

Ni malami ne a makarantar ikilisiyarmu, a wani ƙaramin gari cikin ƙasar Zazzau. Kowace Talata da la'asar, bayan yara sun tashi, Zumuntar Mata takan taru a ajin da ke jikin nawa, gama majami'a tana da rufin kwano, zafi yakan yi yawa. Bangon da ya raba mu bai kai rufi ba. Nakan zauna ina duba littattafan 'yan aji shida, su kuwa suna nasu. Sun san ina nan, har uwar zumunta takan ɗaga murya ta ce, "Malam, kana ji ko? Nemo mana wurin nan." Abin da zan ba ku labari, da izininsu nake bayarwa, ba kuwa zan ambaci sunan kowa ba.

Kalmar tauhidi tana ba wasu tsoro, alhali kuwa ma'anarta a wurinmu ita ce abin da muka gaskata game da Allah, da mutum, da zunubi, da ceto, da abin da ke bayan kabari. Ba mace mai bi da ba ta da nata, ko ta san sunansa ko ba ta sani ba. Wata mai sayar da hatsi ta taɓa gaya wa 'yan'uwanta cewa dā mudu biyu gare ta, na saye da na sayarwa, na sayarwan an ɗan buga gindinsa ya shiga ciki. Ta ce ba wanda ya kama ta. Abin da ya sa ta jefar da shi, ta zauna ne ta yi tunani cewa Allahn da take raira wa waƙa ran Lahadi shi ne yake tsaye a rumfarta ran kasuwa, ba wani dabam ba. Aka sa ni na nemo musu Maimaitawar Shari'a sura 25, inda aka hana ajiye ma'auni iri biyu a gida. Wata ta ce, "Ke da 'ya'yanki suka gama makaranta, kya faɗi haka." Aka yi dariya, aka wuce. Wannan mai sauƙi ne. Wanda zan faɗa yanzu shi ne ya hana ni barci.

Akwai wata yarinya a cikinsu, shekararta 7 da aure ba ta taɓa ko ɓari ba. Tela ce, da keken ɗinkinta take taimakon gida. Wata ƙawarta ta kai ta wani taron addu'a a birni, inda mai wa'azi ya ce duk mai neman haihuwa ta shuka iri, wato ta ba da kuɗi mai zafi wanda za ta ji a jikinta, gwargwadon irinta gwargwadon girbinta. Ta komo gida ta sayar da keken, ta kai kuɗin duka. Shekara ta zagayo shiru. Da ta koma, sai aka ce mata aikin Allah ba ya faɗuwa, sai dai ko bangaskiyarta ce ta gaza, ko tana da wani ɓoyayyen zunubi, ko kuwa akwai la'ana daga gidan ubanta wadda sai an sake kawo wani abu a karya ta. Daga nan ta daina zuwa Jibin Ubangiji. Ba wanda ya hore ta, ita ce ta hori kanta. Tana ganin wadda Allah ya ƙi karɓar hadayarta ba ta isa ta miƙa hannu ga gurasarsa ba.

Ran da ta buɗe baki ta faɗi wannan, ɗakin ya yi tsit. Kada ku ɗauka duka suka goyi bayanta. Wata ta ce, "Gaskiya ɗaya ce, ruwa ba ya tsami banza. Ki dai binciki kanki." Biyu ko uku suka yi gyaran murya irin na yarda.

Sai wata tsohuwa, wadda kowa yake kira Kaka, ta yi magana. Ita ba ta shiga aji ba ko sau ɗaya. A ajin dare ta koyi karatu, da fitilar ƙwai, cikin tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na 1932, shi ya sa har yau Yohanna take cewa, ko da yake juyin 1979 da muke karantawa a sujada Yahaya ya rubuta. Ta ce, "'Yata, ran da aka gafarta miki zunubanki, nawa kika biya?"

Ta ce, "Ban biya kome ba, Kaka."

Ta ce, "To, wanda ya ba da nasa Ɗan bai karɓi ko sisinki ba, shi ne zai riƙe naki ɗan sai kin kawo masa keke?"

Sa'an nan ta sa aka karanta Luka sura 1, ta ce su lura da abin da ya fara zuwa. Luka ya fara ba da shaida cewa Zakariya da Alisabatu adalai ne a gaban Allah, bayan haka ne ya ce ba su da ɗa. Ashe ana iya zama mai adalci kuma marar haihuwa a lokaci guda, har tsufa. Waccan mai maganar ruwa ta ce, ai Alisabatu ta haihu daga baya. Kaka ta ce, "Ta haihu. Amma ni ban ce wannan za ta haihu ba, gama ba a gaya mini ba. Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙaya, ba a cire ba, ba kuwa wanda ya ce masa ya ƙaro kuɗi. Abin da na sani, Allah ba ya fushi da ita. Ran Lahadi kusa da ni za ta zauna, tare za mu karɓa."

'Yan'uwa, wannan ita ce koyarwar alheri, wadda Bulus ya shimfiɗa a Afisawa sura 2, cewa ceto kyauta ne, ba ladan aiki ba. A kanta ne Martin Luta ya tashi a Jamus a 1517, sa'ad da ake sayar wa talakawa takardun sassaucin hukuncin zunubi da kuɗi. Tun kafinsa ma, a Ayyukan Manzanni sura 8, Bitrus ya tsauta wa Saminu mai sihiri domin ya zaci ana sayen baiwar Allah. A zamaninmu kuma, masana tauhidi na Afirka sun zauna a Akropong ta ƙasar Gana a 2008 da 2009, suka fitar da takarda a kan wannan wa'azi na arziki. Sun yarda Allah yana warkarwa, yana kuma sa albarka, amma sun ƙi a mai da shi abokin ciniki. Kaka ba ta taɓa jin sunan Akropong ba. Abin da suka kwana suna rubutawa, ita da tambaya biyu ta gama shi.

Kada wani ya ce ina hana bayarwa. Wa ya kai matan ikilisiya bayarwa? Su ne masu kawo mudun hatsi ran godiya, su ne masu ɗauko ruwa a ka in ana ginin majami'a. Amma baiko na godiya dabam, kuɗin ciniki dabam. Mai godiya tana bayarwa domin an riga an ba ta. Mai ciniki kuwa tana bayarwa tana jiran kaya, in kaya bai zo ba, dole a sami mai laifi, mai wa'azi kuwa ba zai ce shi ne ba.

Ku lura kuma da wanda yake biyan bashin koyarwar da ta karkace. Kusan kullum mace ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto a 2023 cewa kimanin mutum 1 cikin 6 a duniya yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, likitoci kuma sun tabbatar cewa sau da yawa daga wajen namiji abin yake. Duk da haka, cikin shekara 7 ɗin nan ba wanda ya ce wa mijin yarinyar ya binciki kansa, ko a gaban Allah ko a gaban likita. Ita ta sha saiwa, ita ta yi azumi, ita ta sayar da keke. Zumunta ta aiki dattijai mata biyu wurinsa, suka yi masa magana a asirce, da ladabi, sai bayan wata da watanni ya yarda suka tafi asibiti tare. Abin da likita ya gaya musu nasu ne. Matan suka yi adashi, suka ba ta ɗaukar fari, ta sayi wani keken na hannu. Har yanzu da nake rubutun nan ba ta haihu ba. Tana zuwa Jibi, ita ce kuma take ɗinka wa 'yan makarantarmu riguna.

Na biyun ya fi wannan muni, gama saura kaɗan a rasa rai. Wani gida a unguwarmu suka binne yara 2 cikin shekara 3. Alamunsu iri ɗaya ne: idanu su yi rawaya, hannu da ƙafa su kumbura, in sanyi ya shigo yaro ya kwana yana kuka da ciwon ƙashi. Aka kawo wani mai addu'a daga wani gari, ya ce an nuna masa cikin ru'ya, tsohuwar gidan ce, wato uwar mai gida, take cin jikokinta. Nan da nan aka daina sayen daddawarta. Yara suka fara jifan ƙofarta, har da waɗansu 'yan ajina, abin da ya sa na ajiye lissafi ran nan muka yi wata magana dabam. Ɗanta na cikinta ya daina cin abincin da ta taɓa.

A zumunta an yi gardama mai zafi. Waɗansu suka ce Littafi da kansa ya ce akwai mugayen ruhohi, to, don me za a ce ba maita? Uwar zumunta ba ta yi musun wannan ba. Ta ce akwai su, amma tana so a gaya mata a hannun wa mabuɗan mutuwa suke. Aka buɗe Wahayi sura 1, aka ga a hannun Almasihu suke. Ta ce a duba Ayuba, ko Shaiɗan da kansa ya iya taɓa shi ba da izini ba? In haka ne, yaya tsohuwa mai daddawa za ta fi Shaiɗan iko? Sa'an nan ta kawo abin da ban zata ba. Ta ce Shari'ar Musa ba ta yarda a hukunta mutum sai da shaidu biyu ko uku, mafarkin mutum ɗaya kuwa ba shaida ba ne, wanda ya maimaita shi a bakin rijiya ya karya dokar da ta hana shaidar zur. Ta ce, "Mu nan muna tsoron maita, ba ma tsoron doka ta tara."

Talata ta gaba ba a yi taro a makaranta ba. Suka sa ankonsu na zumunta, suka ɗauki tulun kiɗa da kacau-kacau, suka bi ta tsakiyar gari da rana tsaka har ƙofar tsohuwar. Suka ce ta tuƙa musu tuwo da miyar kuka, da daddawarta, suka zauna a tsakar gida suka ci a akushi ɗaya da ita, ƙofa a buɗe. Ba duka suka je ba, waɗansu ciwon kai ya kama su ran nan. Amma waɗanda suka je sun isa gari ya gani.

Akwai ma'aikaciyar jinya a cikinsu, ita ce ta lallashi iyayen yaran suka yi gwajin jini. Aka tarar dukansu biyu AS ne, wato kowannensu yana ɗauke da irin amosanin jini, wanda a asibiti ake kira sikila, ko da yake su kansu lafiyarsu ƙalau. In irin waɗannan suka yi aure, kowane ciki yana da rabo 1 cikin 4 ya zo da ciwon, ba kuwa wai in ɗaya ya zo da shi sauran ukun sun tsira ba ne, kowane ciki da nasa rabon. Abin da ya sa ikilisiyoyi da yawa suke neman takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure ke nan. Amma ina so ku lura, matan nan sun ci tuwon kafin sakamakon gwaji ya fito. Ba takardar asibiti ce ta kai su gidan ba, abin da suka gaskata ne game da wanda yake riƙe da rai. Takardar ma ba ta gamsar da kowa ba, har yau akwai masu kauce wa tsohuwar a hanya. Uwar yaran kuwa, da aka tambaye ta abin da yake riƙe da ita, ta ce ita dai ta san jikin da ya sha ciwon nan za a tashe shi ba ciwo, ta roƙa a riƙa karanta mata 1 Korantiyawa sura 15, gama ba ta iya karatu ba.

Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ƙarata a kanmu maza. Mace ce take zaune da marar lafiya da tsakar dare, ita ce take wankan gawa in mace ce ta rasu, ita ce yaro yake fara tambaya ina ƙanensa ya tafi. A waɗannan wurare ba fasto, ba dattijo. Abin da ke cikinta shi za ta fitar. Yanzu kuma masu wa'azi iri iri suna shigowa har madafa ta waya da rediyo da talabijin, daga safe har dare, koyarwar ikilisiya kuwa ta ɗan lokaci ce ran Lahadi, rabinta ma mace tana waje tana rarrashin goyo. Sa'an nan in ta bi mai ruɗi mu ce mata ba su da zurfin tunani. Me muka zuba a ciki?

Littafi bai san wannan rabo namu ba. Sa'ad da aka tsinci littafin Shari'a a Haikali a zamanin sarki Yosiya, wurin Hulda aka aika a tambayo. Bilkisu da mijinta Akila ne suka ja Afolos gefe suka gyara masa koyarwa, shi da yake gwanin magana. Bangaskiyar Timoti daga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ta biyo. Da Maryamu ta bar aikin madafa ta zauna tana jin koyarwa, Ubangiji bai kore ta ba, ya kāre ta ne. Don haka ina roƙon dattawan ikilisiyoyinmu su ba Zumuntar Mata abinci mai tauri. A bi da su ta Shaidar Bangaskiyar Manzanni layi layi. A komo da ajin karatu na manya. In ana tura matasa makarantar Littafi Mai Tsarki da kuɗin ikilisiya, a tura 'yan mata ma, ba sai matan fastoci kaɗai ba. Kai kuma mai gida, kuɗin Littafi mai manyan baƙaƙe bai kai na takin buhu guda ba.

Sai dai in faɗa wa dattawa gaskiya, wanda ya koya wa mutane alheri sosai, sai ya shirya jin tambayoyi. Akwai wata uwa a zumuntarmu, matar biyu ce a gidan mijinta. An aurar da ita tana yarinya, tun ita da mijin ba su ji bishara ba, daga baya dukan gidan suka ba da gaskiya. 'Ya'yanta 6, duka an yi musu baftisma, ɗaya ma yana cikin mawaƙa. Ita kuwa bisa ga tsarin ikilisiyarmu ba ta da izinin cin Jibi muddin tana gidan. Ba ta fashin sujada, ita ce kuma take wanke ƙoƙunan Jibi in an gama. Bayan an yi makonni ana nazarin Afisawa, sai ta ce, "Kaka, kin ce kyauta ne, na kuwa yarda. To, ni fa? In fita in bar 'ya'yana, in tafi ina da furfurata?"

Kaka ta daɗe ba ta ce kome ba. Daga baya ta ce, "Wannan ta fi ƙarfin ɗakin nan."

Tambayar ba sabuwa ba ce. Taron bishop-bishop na Angilika a Lambeth ta Ingila ya yanke a 1888 cewa kada a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma. Bayan shekara 100, a 1988, taron ya sāke dubawa, bisa ga roƙon bishop-bishop na Afirka, ya ce wanda bishara ta same shi a haka ana iya karɓarsa da matansa masu bi da 'ya'yansu, da sharaɗin ba zai ƙara wata ba, kada kuma a tilasta masa ya kori ko ɗaya, saboda wahalar da za su shiga. Waɗansu ikilisiyoyi sun bi wannan, waɗansu suna nan a kan na dā. Ni ina tsaye a kan cewa nufin Allah tun Farawa miji ɗaya ne da mace ɗaya, haka kuma nake koya wa yara. Mai bi da ya san gaskiya ya je ya ƙaro mace, horonsa daidai ne. Amma yarinyar da aka kai ɗaki ba a tambaye ta ba, tun ba ta san sunan Yesu ba, ban ga laifin da ake hana ta gurasa dominsa ba, Bulus kuma a 1 Korantiyawa sura 7 ya yi magana a kan zaman mutum cikin halin da kira ya same shi.

Matan suka shirya su rubuta wa majalisar dattawa. Suka faɗa, ni na rubuta musu da hannuna, masu iya sa hannu suka sa, sauran suka dangwala yatsa. Dattawa sun karɓa da mutunci, suka ce abin ba a hannunsu yake ba, za su miƙa shi ga gunduma. An yi Jibi sau huɗu tun daga ran nan, ita ce kuma ta wanke ƙoƙunan.